Yadda Ake Gano Matsalar Wuta A Feshin Ruwan Gilashin Mota

Kana bayan tifa a lokacin hunturu, ƙura ta lulluɓe gilashin gaba, ka ja sandar waifa, sai waifa ta kama sharar busasshen gilashi tana ƙara, ko ɗigon ruwa bai fito ba. Sharar nan tana ɓarna sosai. Yashin da robar ke ja shi ke zana layukan da suke watsa hasken fitilun masu tahowa da daddare, ita robar ma tana cinyewa kafin lokacinta.

Abin da akasarin masu mota ke yi shi ne su nufi kasuwa su sayo sabon famfon feshi. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma a ɗaura sabon ya yi gum kamar tsohon, an yi asarar kuɗi an yi asarar yini. Famfo ɗaya ne kawai cikin abubuwa biyar ko shida da za su iya hana ruwa fita, kuma akwai hanyar tabbatar da laifinsa kafin ka cire ko kwabo daga aljihu.

Hanyar da wutar ke bi

Wuta tana tasowa daga batir ta bi ta makullin mota, shi ya sa a yawancin motoci feshi ba ya aiki sai an murɗa ki. Daga nan ta ratsa fis, ta isa makunnin da ke cikin sandar waifa a gefen sitiyari, sannan ta gangara wurin famfo, wani ɗan ƙaramin inji mai bolt 12 da aka cusa a gindin tankin ruwan gilashi. Idan ta juya famfon sai ta koma batir ta jikin mota, domin ƙarfen bodi gaba ɗayansa shi ne wayar negatif. Wasu motocin suna da rile a tsakani, wato ɗan makunnin da wuta ce da kanta ke kunna shi. A na zamani kuma makunnin saƙo kawai yake aika wa kwamfutar da ke kula da fitilu da ƙofofi, ita ce ke sakar wa famfo wuta. Ko'ina hanyar nan ta yanke, alamar ɗaya ce: shiru. Sai da gwaji ake sanin gaɓar da ta yanke.

Za ka buƙaci multimita, wato na'urar auna wuta, ko da mai araha ce, da sukuddireba, da filaya, da sifana mai lamba 10, da fis biyu ko uku na ajiya, da wayoyi biyu masu ɗan tsawo waɗanda ɗaya daga cikinsu ke da fis mai amfiya 10 a tsakiyarta. Sai kuma abin da ya fi duka amfani a wannan aikin: ƙwan sigina mai wat 21 da aka haɗa wa wayoyi biyu. Ka samu wanda zai zauna a kujerar direba ya riƙa ja maka sandar, ko yaron gida ne ya isa.

Mataki na farko: saurara

Murɗa ki har fitilun dashbod su kawo, amma kada ka tada injin. Kashe rediyo da fankar iyakwandishan. Ka tsaya kusa da tankin, mai taya ka ya ja sandar.

Idan ka ji famfon yana kuka amma ruwa bai fito ba, ka mayar da multimita aljihu, matsalarka ba ta wuta ba ce. Kuka siriri mai sauri yana nufin famfon iska yake juyawa, tanki ba ruwa. Kuka mai nauyi kamar ana shaƙe shi yana nufin hanya ta toshe. Leƙa ƙarƙashin mota, idan ruwa na zuba ƙasa to tiyo ya fice ko ya tsage. Idan ba ya zuba, zare tiyon daga bakin famfo a sake ja. Ruwa ya fito da ƙarfi, toshewar tana gaba, a tiyo ko a ƙananan kawunan feshin da ke kan bonet, waɗanda siririyar allura ke buɗewa. Bai fito ba, 'yar matatar da ke bakin famfon ce ta cika da yauƙi. Masu zuba garin sabulun wanki da ruwan rijiya a tanki su suka fi gamuwa da wannan.

Idan shiru ka ji, kalli waifa. A yawancin motoci, jan sandar yana sa waifa ta share gilashi sau biyu ko uku. In ta share amma famfo bai motsa ba, akwai alamar makunnin yana aiki, zargi ya koma kan fis ɗin feshi, da waya, da famfon kansa. In kuwa waifa ma ba ta motsi a kowane mataki, to abin da suka haɗa a kai ne ya samu matsala: fis ɗin da suke tarayya, ko makullin mota, ko sandar. Ka sani wasu motocin, irin su Golf na baya-bayan nan, ba sa barin waifa ta yi aiki in bonet a buɗe yake, don haka rufe shi kafin ka yanke hukunci.

Mataki na biyu: fis

Gidan fis yawanci biyu ne, ɗaya a ƙarƙashin bonet kusa da batir, ɗaya a cikin mota wajen gwiwar direba. A jikin murfin akwai taswira. Nemi inda aka rubuta WASH, ko WSH, ko WASHER, ko zanen gilashi da ruwa na tashi. In babu, to feshin yana kan fis ɗaya da waifa. Launin fis yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Na feshi yakan kasance 10 ko 15.

Kada ka dogara da ido. Fis yana tsinkewa a gefe inda ba a gani, ka ɗaga shi ga haske ka rantse lafiya lau yake. A bayan yawancin fis akwai wasu 'yan ƙarafa biyu da suka leƙo, an bar su ne don gwaji. Da ki a murɗe, sa baƙar wayar multimita a kan negatif na batir ko wani noti mai tsabta a jikin mota, ka taɓa ƙarafan nan da jar ɗaya bayan ɗaya. Duka biyun sun nuna bolt 12, fis lafiya. Ɗaya ya nuna ɗaya bai nuna ba, ya ƙone. Babu wanda ya nuna, a ja sandar ka sake gwadawa, domin a wasu motocin fis ɗin yana bayan rile ne, ba ya samun wuta sai lokacin feshi. Ka kuma zare shi ka duba ƙafafunsa. In sun yi baƙi ko yana lilo a mazauninsa, bakin mazaunin ne ya saki, matse shi kaɗan da filaya bayan ka cire kan batir.

Fis ba ya ƙonewa haka kawai. In ka tarar ya ƙone, sa sabo mai lamba ɗaya da shi, ka lura da lokacin da zai sake ƙonewa. Ya ƙone da murɗa ki tun ba a taɓa sandar ba, wata waya ce ta gogu ta taɓa ƙarfe. Ya ƙone sai da aka ja sandar, ko dai famfon ya ƙage yana jan wutar da ta wuce kima, ko wayar da ke zuwa gare shi ta gogu. Raba su da sauƙi: zare soket ɗin famfo, sa wani fis, a ja. Fis ya tsira, famfo ne. Ya sake ƙonewa, waya ce.

Ga dabarar da za ta hana ka ƙarar da fis wajen neman inda waya ta gogu. Da soket ɗin famfo a zare, cusa wayoyin ƙwan nan mai wat 21 a mazaunin fis. Muddin wayar tana taɓa ƙarfe, ƙwan zai kama da haske sosai, amma in sai an ja sandar fis ɗin ke ƙonewa, to a riƙe ta a jaye. Sai ka bi damin wayoyin kana motsa su da hannu gaɓa-gaɓa. Inda ka motsa ƙwan ya mutu ko ya yi ƙyafta, nan ciwon yake.

Abin da ba a yi kuwa shi ne nannaɗa wa fis zaren waya, ko takardar kwalin sigari, ko sa mai 30 a gurbin mai 10. Wayar feshi siririya ce. In fis bai ƙone ba ita za ta ƙone, kuma a cikin dami take tare da wayoyin fitila da na injin.

Mataki na uku: soket ɗin famfo

Nan ne zuciyar aikin, domin soket ɗin ya raba hanyar gida biyu. Gwaji ɗaya a nan zai gaya maka ko laifin na famfo ne ko na abin da ke bayansa.

Isa wurin ne wahalar. A tsofaffin motoci kana ganin famfon daga sama. A mafi yawan na yanzu tankin ya nutse a bayan bamba, sai ka karya sitiyari zuwa ƙarshe, ka ɓalle maɓallan robar da ta rufe saman taya, ka lanƙwasa ta gefe. In sai an cire taya, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Za ka iya tarar da soket fiye da ɗaya a jikin tankin. Ɗaya na iya zama na abin da ke auna yawan ruwa, kuma motoci irin su Sienna suna da famfo biyu, na gaba da na baya. Bi tiyo ka gane wanne ne wanne.

Danna harshen soket ɗin ka zare, kada ka ja ta waya. Haska ciki. Wurin nan yana shan ruwan taya da na masu wankin mota, don haka kore-koren tsatsa a bakin ƙarafan ba baƙon abu ba ne. In ka gan shi, kankare da bakin allura ko guntun takarda mai yashi, fesa maganin wanke soket, mayar ka gwada. Sau da yawa aikin a nan yake ƙarewa.

In soket ɗin tsaf yake, cusa wayoyin ƙwan a ramukansa biyu, a hankali kada ka buɗa bakinsu, a ja sandar. Ƙwan ya kama da haske sosai: fis, makunni, rile, wayoyi, duk sun fita daga zargi, saura famfo. Ya kama dishi-dishi: wuta na zuwa amma wani wuri yana shaƙe ta. Bai kama ba: ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ya yanke.

Me ya sa ƙwai, ga multimita a hannu? Saboda multimita kusan ba ta jan wuta ko kaɗan. Wayar da ta ruɓe saura zare ɗaya a cikinta za ta nuna maka bolt 12 cif a fuskar multimita, amma famfon yana bukatar amfiya 2 zuwa 4 kafin ya juya, zare ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Kamar bututun ruwan da ya kusa toshewa ne: ka toshe bakinsa da yatsa za ka ji matsi, ka tara bokiti sai ɗigo. Ƙwan mai wat 21 yana jan abin da ya kusa amfiya 2, kusan nauyin famfon, shi ya sa ba ya yi maka ƙarya. Da yawa daga famfunan da ake jefarwa da ransu, karatun multimita ne ya sa aka yanke musu hukunci.

To in ƙwan bai kama ba, wane ɓangare ne ya yanke? Kafin ka amsa sai ka san irin haɗin da motarka ke da shi, domin iri uku ne, kuma nan ne ake ruɗewa. Sa baƙar wayar multimita a negatif na batir, ka auna kowane rami na soket ɗin sau biyu, kafin a ja sandar da kuma lokacin da ake ja.

Iri na farko shi ne wanda kowa ke zato. Kafin a ja babu wuta a ko'ina, da an ja sai rami ɗaya ya kawo 12, ɗayan kuma a haɗe yake da jikin mota kullum. In 12 ɗin ta zo amma ƙwan bai kama ba, negatif ne ya yanke. In ba ta zo ba, koma baya wajen makunni da rile.

Iri na biyu shi ne na Toyota da yawa, kuma tunda Corolla da Camry sun cika mana tituna, ya kamata ka riƙe shi. A nan da zarar an murɗa ki, rami ɗaya yana da 12 ko ba a taɓa sandar ba. Makunnin negatif yake ba famfon. Mutum ya auna ya ga wuta, ya ce ai ga wuta nan famfo ne ya mutu, alhali negatif ɗin ne ba ya zuwa. Yadda ake gwada shi: ɗaura waya ɗaya ta ƙwan a fozitif na batir, ɗayar a ramin da ba shi da wuta, a ja sandar. Ya kama, makunni da wayarsa lafiya. Bai kama ba, laifin yana tsakanin soket da sitiyari, ko a makunnin, ko a inda makunnin kansa ya ɗaure da bodi.

Iri na uku yana cikin motocin Turai masu waifar baya, irin su Golf da Peugeot 206 da 307. Famfo ɗaya ne mai baki biyu. In aka ba shi wuta ta wannan fuska ya fesa gaba, in aka juya wutar ya fesa baya. Kafin a ja sandar ramukan biyu duk negatif ne. Sa wayoyin multimita biyu a ramukan biyu: a feshin gaba da na baya duk za ka ga 12, amma a ɗaya daga cikinsu da alamar ragi a gabanta. In na baya yana fesawa na gaba ba ya yi, injin famfon yana da rai, sai ka duba ko wutar ɗaya fuskar tana zuwa. In tana zuwa kuma yana kuka, tiyo ne ko ɗan bawul ɗin da ke bakinsa.

Mataki na huɗu: ba famfon wuta kai tsaye

Ko da ƙwan ya nuna famfo ne, tabbatar. Ka ga akwai ruwa a tanki, domin famfon ba ya son juyawa a bushe. Maƙala wayoyinka biyu a ƙarafan famfon, ka tabbata ba su taɓa juna ba. Mai fis ɗin ta tafi fozitif na batir. Ɗayar kuma ka taɓa ta a wani ƙarfe mai tsabta nesa da batir, saboda tartsatsi kusa da batir haɗari ne. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa.

Ya tashi da ƙarfi ya fesa, to famfo lafiya, bakin soket ɗin ne bai kama ƙarafansa da kyau ba, matse su. Ya yi shiru, ɗan ƙwanƙwasa shi da marikin sukuddireba. Wani zai farka, amma kada ka yi murna da yawa. Famfon da sai an buge shi yake tashi ruwa ya shiga cikinsa ya yi tsatsa, ko gawayin da ke kai wuta cikin injinsa ya cinye, zai sake kwanciya ranar da ka fi bukatarsa. In fis ɗin wayar gwajin ya ƙone nan take, famfon ya ƙage. Za ka iya ƙarawa da auna shi a ma'aunin om na multimita, wanda ke nuna yadda hanya ke tauye wuta: mai lafiya yana nuna 'yan om kaɗan, wanda ya tsinke a ciki kuma multimita za ta rubuta OL ko 1 a gefe. Ba a gyara waɗannan famfunan, a manne suke, canzawa ake yi.

Mataki na biyar: bin waya

In ƙwan ya kama dishi-dishi, ko famfon yana juyawa a kasalance, ko yana aiki sai injin na kunne kawai, to wani wuri yana cin wutar a hanya. Fara da batir. Mai lafiya yana nuna wajen 12.6 in injin a kashe yake, in yana kunne kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In batir lafiya, auna asarar da ake yi a kowane ɓangare, kuma wannan awon sai famfo na aiki yake da ma'ana.

Mayar da soket. Zura allura ta bayansa, ta gefen robar da waya ta shiga, har ta taɓa ƙarfen. Kada ka huda rigar waya, ramin da ka yi yau shi ne ƙofar tsatsar baɗi. Sa jar wayar multimita a fozitif na batir, baƙar a allurar ɓangaren wuta, a ja sandar. Abin da ta nuna shi ne wutar da ta salwanta a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Sannan mayar da allurar zuwa ɗaya ɓangaren, ka auna tsakaninta da negatif na batir. Nan ma rabin bolt ya yi yawa. Ɓangaren da ya nuna 2 ko 3 ko fiye, shi za ka bi.

Wuraren da ake samun ciwon sanannu ne. Na farko bayan bamba, musamman a motar da ta taɓa yin karo ta gaba. Masu gyaran bodi da fenti sukan mayar da damin wayoyi ba a kan maɓallansa ba, ya riƙa gogar ƙarfe, ko su murɗa wayar da ta tsinke da hannu su naɗe da salatif. Na biyu notin da ake ɗaure wayoyin negatif a jikin mota, galibi kusa da fitilar gaba. In an fesa masa fenti ko ya yi tsatsa, kwance shi, kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ɗaure tam. Alamar wannan notin ita ce wasu abubuwan ma sukan rikice tare, kamar sigina ta riƙa ƙyaftawa da ban mamaki in an kunna fitila. Na uku ƙarƙashin batir, inda ruwan batir ke ɗiga. Sai ɓeraye, ga motar da ta daɗe a ajiye kusa da buhunan hatsi.

Waya tana iya tsinkewa a ciki rigarta na nan lafiya. Ja ta a hankali tsakanin yatsunka, inda ta miƙe kamar roba nan ta rabu. Yanke wurin har ka kai inda jan ƙarfen ke sheƙi, haɗa da waya mai kaurinta, liƙe da dalma, rufe da robar nan da ake gasawa ta matse. Murɗawa da salatif kaɗai ba ya jure wurin da ruwa ke fantsama.

In ka ga siraran wayoyi a jikin kawunan feshin da ke kan bonet, ƙyale su. Na ɗumama kan ne a ƙasashen ƙanƙara, ba ruwansu da matsalarka.

Mataki na shida: rile da makunni

In motarka tana da rile na feshi, murfin gidan fis zai nuna. Ɗora yatsa a kansa a ja sandar, za ka ji ƙas. Jin ƙas ɗin bai wanke shi ba, domin bakin da ke haɗa wutar a ciki yana iya ƙonewa. Hanya mafi sauri ita ce ka musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya, kamar na hon. Ƙafafunsa suna da lambobi: 85 da 86 su ke jan shi, 30 da 87 su ke wuce da wutar. Tsakanin 85 da 86 za ka samu om wajen 50 zuwa 120. In ka zare rile ka haɗa ramin 30 da na 87 da wayarka mai fis, famfo ya tashi, duk abin da ke gaban rile lafiya yake. Haka kuma in famfo ya ƙi tsayawa bayan an saki sandar, rile ne ya manne, ko kuma a irin haɗin Toyota wayar negatif ɗin ce ta gogu ta taɓa bodi tana yin aikin makunni.

Makunni shi ne na ƙarshe, don shi ya fi wuyar isa kuma yana maƙwabtaka da jakar iskar sitiyari. Cire kan negatif na batir ka jira minti uku. In rediyon motarka mai neman lambar sirri ne, kamar na Honda da yawa, tabbatar kana da lambar tukuna. Kwance robobin da suka rufe wuyan sitiyari. Duk soket ko waya mai launin rawaya ta jakar iska ce, kada ka zare ta, kada ka sa mata multimita ko ƙwai. Zare soket ɗin sandar waifa, sa multimita a ma'aunin da ke ƙara in hanya ta haɗu, ka nemo ƙarafa biyun da ke haɗuwa lokacin da ka ja sandar. Taswirar wayoyin motarka za ta rage maka lalube, ana samun ta a intanet da sunan motar da shekararta. A tsofaffin motocin Jamus lambobin a rubuce suke a jiki: 53c na famfon feshi, 31 na negatif, 15 na wutar da ki ke kawowa. In babu ƙarafan da ke haɗuwa, ko sai ka matsa da ƙarfi suke haɗuwa, ƙura da busasshen giris sun rufe bakin. Maganin wanke soket yakan tashe shi, in ya ƙi sai canji.

A motar da kwamfuta ke tsakani, kamar Peugeot 307 mai sandar da ake kira COM2000 da akwatin kwamfutar da ake kira BSI, wannan gwajin ba zai gaya maka komai ba, kuma ƙwan da ya yi maka amfani a soket ɗin famfo zai iya ƙona kwamfutar in ka sa shi a siraran wayoyin saƙo. Nan ne ya dace ka tsaya. Je wurin mai wayarin da ke da na'urar gwaji. Ita za ta nuna ko kwamfutar tana ganin an ja sandar, kuma za ta iya umartar famfon ya tashi. Ka gaya masa abin da ka riga ka gwada. In ya ce a jawo sabuwar waya daga batir a sa maɓalli a dashbod, ka ce a fara gano laifin tukuna. In dole sai an yi hakan, to da fis a kusa da batir.

In famfon ne

Tara bokiti, zare tiyo, ka ɓamɓaro famfon daga robar da ya shiga, ba noti ke riƙe da shi ba. Tafi da shi kasuwa a hannu, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko duk inda ake sayar da kayan mota a garinku. Gwada bakin soket, da kaurin wuyan da ke shiga tanki, da yawan bakunan tiyo. In na hannu ne, a taɓa maka shi a batir kafin ka biya. Sayi sabuwar robar wuyan tare, tsohuwar ba ta cika komawa ba tare da yoyo ba. Tunda tankin ya zama fanko, ɗauraye shi da ruwan ɗumi ka fitar da yauƙin da ya kwanta.

In ka sayo wanda soket ɗinsa bai dace ba har sai an yanka waya, kula da wacce ce fozitif da wacce ce negatif. Famfon da aka juya wa wuta yana kuka kamar lafiya amma feshinsa ba ƙarfi. Jiƙa robar da ruwa, tura famfon har ya zauna, mayar da tiyo da soket, zuba ruwa mai tsabta da maganin wanke gilashi. Gwada feshin ka leƙa gindin tankin ko yana ɗiga kafin ka mayar da robar saman taya. Kada ka riƙe sandar fiye da daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar a ja ɗaya, kuma in ruwa ya ƙare ka daina ja har sai ka cika tankin.